Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsare-tsaren Renon Sababbin Daraktocin Talabijin

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu son zama daraktocin wasannin talabijin masu dogon zango, musamman waɗanda suka ji labarin tsare-tsaren da tashoshi da kamfanonin Amurka da Birtaniya suka kafa don a dama da mata da baƙaƙen fata da sauran waɗanda aka daɗe da bari a baya. Don gudun ruɗani: inda muka ce "shiri", wasan da ake nunawa muke nufi, inda muka ce "tsari", horon da ake ba sabon darakta ne, "kashi" kuwa shi ne abin da ake nunawa a zama ɗaya.

Mene ne ainihin tsarin renon darakta?

Tasha ce, ko kamfanin shirya wasanni, ko ƙungiyar daraktoci, za ta zaɓi mutane 'yan kaɗan a shekara, ta haɗa kowannensu da gogaggen darakta ya zama ubangidansa ko uwar ɗakinsa a sana'a. Ana koya musu yadda aikin talabijin yake, a kai su wurin ɗaukar shiri su ga komai da idonsu, sannan a gabatar da su ga masu ikon ɗaukar darakta aiki.

Ba makarantar koyon fim ba ce. Wanda bai san inda ake ajiye kyamara ba, ko bai taɓa tsayawa gaban ɗan wasa ya ba shi umarni ba, ba shi ake nema ba. Ana neman wanda ya iya, amma bai sami ƙofar shiga ba. Tsare-tsaren kuma ba nauyinsu ɗaya ba: wani aji ne kawai na 'yan makonni, wani ya haɗa da bin sawun darakta, wani kuma ya zo da alkawarin ba ka kashi guda ka yi da kanka. Wannan bambancin shi ne ƙashin bayan maganar, kuma mun tsaya a kansa a tambayar da ke kan tabbacin samun aiki.

Me ya sa sai an yi wa mata da tsiraru tsari na musamman?

Saboda yadda ake ɗaukar darakta a talabijin. Ba a tallata gurbin, ba a zana jarrabawa. Jagoran shiri, wato mai maganar ƙarshe a kan wasan, yakan kira wanda ya sani, ko wanda abokinsa ya yaba, tasha kuma tana da jerin sunayen da ta amince da su. Ba a ba ka kashi sai ka taɓa yin kashi, ba kuwa za ka taɓa yi ba sai an ba ka. Idan waɗanda ke cikin da'irar tun asali fararen fata ne maza, haka za ta yi ta haifar irinta ko da babu wanda ya zauna ya ƙulla mugunta.

Koken ya daɗe. A 1979 wasu mata shida 'yan ƙungiyar daraktocin Amurka, DGA, suka kafa kwamitin mata, suka bi kundin ayyuka suna ƙirga kason da mata suka samu, suka tarar abin bai taka kara ya karya ba. A 1983 ƙungiyar ta maka kamfanonin fim na Warner Bros. da Columbia Pictures a kotu. A 1985 alƙaliya ta hana ƙarar ci gaba a yadda aka shigar da ita, a kan hujjar cewa 'yan ƙungiyar su ma suna ɗaukar mataimaka aiki, don haka ba za ta wakilci masu koke ba alhali tana da hannu a abin da ake kuka da shi. Shekara talatin bayan haka, ƙididdigar DGA ta zangon 2014 zuwa 2015 ta nuna mata sun ba da umarni a 16 kacal cikin kowane kashi 100, tsiraru kuma, wato waɗanda ba fararen fata ba, 18. A cikin 2015 ɗin ne ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta nemi hukumar daidaiton ɗaukar aiki ta Amurka, EEOC, ta binciki Holiwud, hukumar kuwa ta fara jin bahasin daraktoci mata. Yawancin tsare-tsaren da ake ji a yau ko dai an haife su ne a wannan tsakani, ko an yi musu garambawul.

Na taɓa ba da umarnin fim. Da me aikin talabijin ya bambanta?

A fim, darakta ne mai gida. A shiri mai dogon zango, baƙo ne. Mai gidan shi ne jagoran shiri, wanda galibi shi ne shugaban marubuta kuma babban furodusa; shi ke da maganar ƙarshe kan labari, da 'yan wasa, da yadda za a tace. Kai za ka zo ka tarar da 'yan wasan da suka shekara biyar suna taka rawa ɗaya, da mai kyamarar da ya riga ya tsara hasken shirin, da ma'aikatan da suka ga daraktoci ashirin sun zo sun wuce. Baƙo raɓa ne, su ma sun sani. Aikinka shi ne ka fito da kashin da zai yi kama da 'yan'uwansa, amma a ji hannunka a ciki.

Lokaci kuma a ƙididdige yake. A wasan awa guda na manyan tashoshin Amurka, an saba ba darakta kwana bakwai ko takwas na shiri, sannan kamar kwana takwas na ɗauka, sai kwana huɗu ya zauna da edita ya miƙa tacewarsa, kamar yadda yarjejeniyar DGA ta tanada. Daga nan furodusoshi su karɓa, su sauya abin da suka ga dama. A kwanakin shirin ne ake zaman fahimtar labari da shugabannin sassa, a zagaya lokeshan, a zaɓi 'yan wasan da za su fito a kashin kaɗai, a kuma yi wani zama da jagoran shiri inda zai bi rubutun fitowa bayan fitowa yana faɗin abin da yake so a ji a kowace. Darakta da ya yi sakaci da wannan zaman zai gane kurensa a ɗakin tacewa.

Abin da ya fi kayar da masu zuwa daga fim shi ne agogo. Wanda ya saba kwashe wuni kan fitowa ɗaya yana neman kyan hoto zai iske nan ana son shafi shida ko bakwai kafin a tashi, kuma duk awar da aka ƙara kuɗi ce mai yawa. Mai gama aikin ranarsa a kan kari, shi ake sake kira.

Mene ne bin sawu, kuma yaya ake yin sa?

Bin sawu shi ne ka zama inuwar daraktan da ke aiki, tun daga ranar farko ta shiri har ɗakin tacewa. Ba ka ba da umarni, ba ka taɓa kyamara, ba ka yi wa ɗan wasa gyara. Kallo ne naka, da saurare, da rubutu.

Masu cin moriyarsa su ne waɗanda suka ɗauke shi kamar su aka ba kashin. Ka karɓi rubutun, ka zauna da dare ka tsara inda kowane ɗan wasa zai tsaya da inda kyamara za ta bi, ka rubuta jerin hotunan da za ka ɗauka. Da safe sai ka gwada naka da na ubangidanka. Inda ya yi fitowa da hoto uku kai kuwa ka tsara takwas, a nan darasin yake. Ka jira lokacin cin abinci ko a mota ka tambaye shi dalili. Kada ka yi tambaya ana tsakiyar ɗauka, kada ka tsaya inda idon ɗan wasa zai faɗa kanka, kada ka zauna a kujerar da ba a nuna maka ba. Idan wani ɗan wasa ya ja ka gefe ya ce yaya ka ga wasansa, ka yaba a taƙaice ka zame, don amsar da za ka ba shi tana iya cin karo da abin da darakta ya faɗa masa.

Wani abin da ba a cika faɗa wa sababbi ba: kai ma ana kallonka. Mataimakin darakta na ɗaya, da mai kula da ci gaban labari, da furodusan da ke riƙe da kasafi, duk za a tambaye su ra'ayinsu ranar da sunanka ya taso. Wanda ya zo a makare, ko ya wuni yana latsa waya, ko ya riƙa gaya wa ma'aikata yadda da shi ne zai yi, ya gama rubuta wa kansa takardar sallama tun ba a ɗauke shi ba.

Waɗanne tsare-tsare ne suka yi suna a Amurka?

Mafi tsufa a cikin na mata shi ne na cibiyar fina-finan Amurka, AFI, wanda aka fara a 1974. Ba a biyan kuɗin makaranta, kuma kowace ɗaliba tana fita da gajeren fim nata. Lesli Linka Glatter, wadda ta zama shugabar DGA a 2021, ta nan ta bi. Disney da tasharta ABC suna da tsarin daraktoci tun farkon shekarun 2000. Warner Bros. ta yi suna da ajinta, inda tsofaffin daraktoci ke sa ɗalibai su tsara fitowa su ba 'yan wasa umarni a gabansu. Sony, CBS da HBO kowanne ya gudanar da irin nasa.

Biyu sun sauya salon abin. A 2016 furodusa Ryan Murphy ya kafa tsarin Half, da ƙudurin ba mata da tsiraru rabin guraben darakta a shirye-shiryensa, tare da ɗaukar masu bin sawu. Sai tashar NBC ta sanar da tsarin Female Forward a 2017, ta fara a zangon 2018: mata goma, kowacce ta bi sawu har kashi uku a shiri guda, sannan a ba ta aƙalla kashi ɗaya na wannan shirin a cikin zangon. Sunayen tsare-tsaren nan da sharuɗɗansu suna yawan sauyawa, wasu an haɗe su, wasu an dakatar, saboda haka shafin kamfanin na wannan shekarar shi ne abin dogaro. Dalilin sauye-sauyen yana cikin amsar da ke kan doka.

Birtaniya fa?

Can makarantar gaskiya ita ce wasannin da ba sa yankewa, masu fitowa mako-mako duk shekara. BBC ta yi tsarin da sabon darakta zai bi sawu a irinsu EastEnders ko Casualty ko Doctors, sannan ya yi cikakken kashi da sunansa a jiki, ubangidansa na gefe. Ƙungiyar Directors UK tana da nata tsarin haɗa ƙarami da babba, hukumar ScreenSkills kuma tana tallafa wa horo da kuɗin da manyan shirye-shirye ke zubawa a asusunta. Rahotannin da Directors UK ta fitar a 2018 sun nuna mata na yin kusan ɗaya cikin huɗu na shirye-shiryen, baƙaƙe da 'yan Asiya da sauran tsiraru kuwa ɗan sama da 2 cikin 100.

Abin takaicin shi ne matakalar kanta tana raguwa. An rufe shirin Holby City a 2022, aka rufe Doctors a 2024 bayan shekara 24, kuma Doctors ɗin nan ne wurin da daraktoci da marubuta masu yawa suka fara sa hannu.

Idan aka ɗauke ni, na sami aiki ke nan?

A'a, sai idan an rubuta. Wannan ce tambayar da ya kamata ka fara yi wa kowane tsari kafin ka ɓata makonni kana cike takardu: a ƙarshensa akwai kashi, ko babu? Gani ba ci ba ne. An yi shekaru ana samun mata da baƙaƙen daraktoci da suka bi sawu a shiri biyar, shida, suka gama tsarin wannan tasha suka shiga na waccan, ba wanda ya taɓa miƙa musu kashi guda. Kamfani ya sami abin sawa a rahotonsa na shekara, su kuwa sun ƙare da tarin katin shiga lokeshan. A ganina tsarin da ya tsaya a kallo kaɗai ya fi amfanar kamfanin da ya shirya shi fiye da wanda aka ɗauka.

Dalilin da ya sa alkawarin yake da wuya shi ne ofishin da ke gudanar da tsarin ba shi ke ɗaukar darakta ba. Jagoran shiri ne, kuma shi ke ɗaukar asarar idan sabon hannu ya kasa gama ranarsa. Tsare-tsaren da suka yi tasiri su ne waɗanda suka cire masa wannan tsoron: suka sa shi a zaɓen tun farko, suka ajiye gogaggen darakta a gefe ko da ta kwana, wani lokaci ma kamfani ya ɗauki nauyin wani ɓangare na kuɗin. Idan tsari ba shi da alkawari a rubuce, ka nemi sanin mutum nawa cikin ɗaliban shekara uku da suka wuce suka yi kashi, nawa kuma suka yi na biyu. Sunayensu ba ɓoyayyu ba ne, ayyukansu ma haka. Awa guda a intanet ta isa ka ƙirga da kanka.

Wannan ba ya nufin a raina bin sawu. Wanda bai taɓa ganin yadda ake gudu da agogo a talabijin ba yana buƙatarsa, sau ɗaya ko biyu. Na biyar ne ya zama wahalar banza.

Me ake buƙata kafin a nema?

Samfurin aiki, shi ne kan gaba: gajeren fim, ko dogo, ko wasan intanet, mai labari da 'yan wasa suna magana da juna. Masu zaɓe suna son ganin ka iya fitowar mutum biyu ko huɗu a ɗaki, ka san lokacin matsowa kusa da fuska da lokacin ja da baya. Tallace-tallace da bidiyon waƙa suna nuna ido, amma ba sa nuna ka iya da ɗan wasa. Gara minti goma masu kyau da sauti mai tsabta a kan awa guda mai rauni a tsakiya.

Sai takardar tarihin aiki, da wasiƙun shaida daga waɗanda suka yi aiki da kai, da ɗan rubutu kan kanka. A rubutun nan mutane ke zamewa: su cika shi da labarin wahalar da suka sha, su manta da faɗin irin daraktan da suke. Ka faɗi asalinka idan yana da alaƙa da yadda kake ganin labari, amma ka nuna ka san shirye-shiryen tashar, ka ambaci wanda hannunka zai dace da shi da dalili.

Yaya ganawar take?

Yawanci za a tambaye ka wane shirinsu kake kallo, kuma za a gane nan take idan kashi ɗaya ka leƙa daren jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani lokaci a ba ka fitowa a ce ka bayyana yadda za ka ɗauke ta. Sai tambayoyin hali: saura awa ɗaya rana ta faɗi kana da fitowa biyu, me za ka yi? Babbar jaruma ta ƙi tsayawa inda ka ce, yaya za ka yi da ita? Ba amsar littafi suke nema ba. So suke su ji ko kai mutum ne da ma'aikata ɗari za su iya wunin awa goma sha biyu tare da shi ba a yi rigima ba.

Ana biya?

Ya danganta. Wasu tsare-tsaren suna ba da ɗan alawus na makonnin bin sawu, wasu har da kuɗin tafiya, wasu ba ko sisi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin bin sawun kashi ɗaya yana cin kusan wata guda, sau da yawa a garin da ba naka ba, kuma wanda ba shi da mai ɗaukar masa haya ba zai iya ba. Tsarin da ke cewa yana son 'ya'yan talakawa amma ba ya biya, ya riga ya tace su tun a bakin ƙofa. Idan kuwa aka ba ka kashi a shirin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar DGA, to cikakken kuɗin darakta za a biya ka, dubban daloli masu kauri, kuma ta nan ne ƙofar shiga ƙungiyar ke buɗewa, da inshorar lafiya da fansho idan ka cika sharuɗɗansu.

Ni edita ne, ko ɗan wasa, ko mataimakin darakta. Sai na bi ta tsari?

Ba dole ba. Binciken DGA ya nuna yawancin masu yin kashinsu na farko 'yan gida ne: marubutan shirin, jarumansa, masu kyamara, editoci. Idan kana cikin shiri kuma jagoransa ya yarda da kai, hanyarka ta fi ta kowa gajarta. Sai dai binciken ya kuma nuna da yawa daga cikin 'yan gidan ba sa ci gaba da aikin a wani wuri. Kashin ya zama kamar tukwici, alhali waɗanda suka zo da niyyar sana'ar su suka fi ɗorewa. Amfanin tsari gare ka shi ne ya fitar da sunanka daga gida ɗaya. A kula kuma: horon mataimakan darakta da DGA ke gudanarwa tare da furodusoshi wata hanya ce daban, ta masu tafiyar da jadawali da ma'aikata, ba matakalar zama darakta ba ce kai tsaye.

Ba na zaune a Amurka ko Birtaniya. Zan iya nema?

Yawancin tsare-tsaren tashoshi suna sharɗanta izinin aiki a ƙasar, kuma ba sa nema wa mutum biza. Akwai bizar O-1 ta Amurka ga masu fasahar da suka yi fice, amma tana son hujjojin kyaututtuka da rubuce-rubucen jarida da mai ɗaukar nauyi. Ga wanda ke waje, ɗakunan horo na bukukuwan fina-finai, irin na cibiyar Sundance ko Berlinale Talents na Jamus, sun fi buɗewa ga 'yan kowace ƙasa, kodayake ba kashin talabijin suke bayarwa ba.

Wannan ba wariya ba ce ga fararen fata maza? Doka ta yarda?

A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta raba abu biyu. Ta halatta a ware horo ko ƙarfafa gwiwa ga rukunin da aka ga an bar shi a baya, amma ba ta halatta a ɗauki mutum aiki don jinsinsa ko launinsa kawai ba, sai dai a fifita shi idan cancantarsu ta zo ɗaya da abokin takararsa. A Amurka dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana wariya a wurin aiki ga kowa, fari ko baƙi, mace ko namiji. Shi ya sa tun da can yawancin tsare-tsaren ke rubuta cewa kowa na iya nema.

Iska ta juya a Yunin 2023, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a shari'ar jami'ar Harvard. Hukuncin na jami'o'i ne, amma ƙararraki sun biyo baya a kan kamfanoni, lauyoyinsu kuma suka shiga goge kalmomi. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin yaƙi da manufofin damawa da kowa, daga baya kuma hukumar sadarwa ta FCC ta buɗe bincike kan Comcast mai NBC, sannan kan Disney. Kamfanin Paramount ya janye nasa manufofin a shekarar. Tun kafin wannan ma tsare-tsaren ba su da gindin zama: a Oktoban 2022 Warner Bros. ta sanar da rufe ajinta don rage kashe kuɗi, DGA ta tayar da jijiyar wuya, kashegari kamfanin ya ce ajin zai ci gaba a ƙarƙashin wani sashe.

Ga mai nema, ma'anar ita ce: yawancin waɗanda suka rage a buɗe suke ga kowa, kuma ba za ka ga an ambaci jinsi ko launi a sharuɗɗa ba.

To, sun yi amfani kuwa?

Alƙaluma sun motsa sosai. Daga 16 cikin 100 a zangon 2014 zuwa 2015, kason mata ya kai 38 a zangon 2020 zuwa 2021, na waɗanda ba farare ba kuma ya tashi daga 18 zuwa 34. Amma kada a jingina wannan duka ga tsare-tsaren reno, don ɗalibansu ba su kai yawan da za su cike wannan tazara ba. Abin da ya fi aiki shi ne masu iko su yanke shawarar ɗauka. A 2015 'yar jarida Maureen Ryan ta wallafa a mujallar Variety cewa a tashar FX mata da tsiraru 12 ne kacal cikin 100 na daraktoci. Shugaban tashar, John Landgraf, ya rubuta wa jagororin shirye-shiryensa, cikin shekara guda adadin ya haura rabi. Darakta Ava DuVernay kuma ta ba mata zalla umarnin shirinta Queen Sugar tsawon zango bakwai, daga 2016 zuwa 2022, yawancinsu kuwa ba su taɓa yin kashin talabijin a Amurka ba, da dama daga cikinsu suka zama waɗanda ake rububi. Mutanen nan suna nan tun da. Ba a ƙirƙiro su a aji ba.

Ba za a riƙa cewa an ɗauke ni don launina ko don ni mace ce ba?

Za a faɗa, wani a bayan ido, wani a fuska. Akwai ma nauyin da ya fi wannan: idan farin namiji ya lalata kashi, shi kaɗai ya lalata, idan mace ta lalata, sai a ce an gwada mata ba su iya ba. Ba adalci ba ne, amma gara ka shiga da saninsa. Ma'aikatan lokeshan dai ba su cika damuwa da ta inda ka shigo ba bayan wuni biyu. Suna duba ko ka san abin da kake so, ko kana amsa tambaya ba kame-kame, ko za su koma gida da wuri.

Idan ubangidan da aka haɗa ni da shi ba ya kula ni fa?

Yana faruwa. Wani an ɗora masa kai ne ba da son ransa ba, wani kuma kansa ya ɗau zafi da nasa kashin. Kada ka kai ƙara tun kwana biyu. Ka rage tambaya, ka zaɓi guda ɗaya mai nauyi a wuni, ka kuma juya ga sauran malamai da ke wurin: edita zai nuna maka hoton da aka rasa, mataimaki na ɗaya zai nuna maka inda lokaci ya zube. A shirye-shirye da yawa akwai darakta mazauni wanda furodusa ne kuma, mai kula da baƙin daraktoci. Sau da yawa shi ne ya fi kowa amfani gare ka, don da shi ake shawarar wanda za a kira zango mai zuwa. Amma idan abin ya kai ga cin mutunci ko neman lalata, wannan ba halin ubangida ba ne da za a yi haƙuri da shi. Ka rubuta rana da abin da ya faru, ka kai wa masu tsarin ko ƙungiya.

Na yi kashina na farko. Me ya sa waya ta yi shiru?

Na biyu ya fi na farko wuya, don na farko tsari ne ya tsaya maka, na biyu kuwa kasuwa ce. Kasuwar kuma ta tsuke. A da shirin babbar tasha yakan yi kashi 22 a zango, ya ɗauki daraktoci sama da goma. Yanzu na manhajojin kallo kan yi takwas ko goma, a raba wa mutum huɗu ko biyar kowa ya haɗa biyu-biyu, kuma kowane kashi ya yi tsadar da ba a son gwaji a kansa. Ga yajin aikin 2023, na marubuta kwana 148, na 'yan wasa kwana 118. Ƙirgar FX ta nuna shirye-shirye masu rubutaccen labari a Amurka sun sauko daga 600 a 2022 zuwa 516 a 2023. Gogaggu ma suna neman aikin da a da za su bar wa ƙanana.

Abin da ke hannunka shi ne ka nemi shirin da ka yi wa aiki ya sake kiranka, domin ba shaidar da ta kai wannan ƙarfi a idon wani jagoran. Ka roƙi furodusan da ya ji daɗin aikinka ya ɗaga waya ya kira takwaransa, ba wasiƙa kawai ba. Ka sa sunanka a rumbunan da masu ɗauka ke dubawa, ka kuma sami wakili idan ba ka da shi. Da kashi ɗaya a hannu yanzu za su saurare ka.

An ƙi ɗaukata. In sake nema?

Ka sake, guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ɗaruruwa, kuma da yawa daga waɗanda aka ɗauka sai a karo na biyu ko na uku suka shiga. Amma kada ka mayar da takardun bara yadda suke. Masu karantawa sukan tuna, kuma abin da suke dubawa shi ne me ka ɗauka tsakanin bara da bana. Idan ka kai matakin ganawa, ka aika gajeren saƙon godiya, ka tambaya ko za su faɗa maka inda ka gaza. Wasu ba sa amsawa, wasu kuwa sukan ba da bin sawu na kashi ɗaya ga waɗanda suka kusa shiga.